Shin iyakar halittun da muhalli zai iya ɗauka adadi ne tsayayye?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. A darasin nazarin muhalli an koya mana cewa kowane wuri yana da iyakar yawan halittun da zai iya ciyarwa, wadda ake nunawa da harafin K a lissafin da ya samo asali daga aikin masanin lissafi Pierre Verhulst na 1838. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda zanen ke nuna yawan dabbobi yana hawa, sannan ya lafa a kan layin K ba tare da ya tsallake ba. Haka abin yake a daji, ko kuwa a takarda kawai?

Malamin Halittu:
Wa alaikumus salam, malama. A ɗakin gwaji, inda ake ba ƙananan halittu abinci daidai gwargwado kullum, ana samun abin da ya yi kama da zanen, amma a daji sau da yawa dabbobi kan zarce iyakar kafin yunwa ta fara rage haihuwarsu. A 1944 an kai barewar ƙasashen sanyi guda 29 tsibirin St. Matthew da ke tekun Bering, tsakanin Alaska da Rasha, inda babu naman dajin da ke farautarsu, kuma zuwa 1963 sun kai kusan 6,000. Sun cinye gansakukar da suke dogaro da ita a lokacin hunturu, wadda kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta sake tofowa, har jikinsu ya fara ramewa. A 1966 guda 42 kacal aka tarar. Abin da nake so ki riƙe shi ne, garken da ya wuce iyaka yakan lalata abin da ke ciyar da shi, sai iyakar kanta ta sauko ƙasa da inda take da farko.

Mai Bibiya:
Malam, ina da ɗan ƙari a kan misalin nan. Hunturun 1963 zuwa 1964 ya yi tsanani ƙwarai, dusar ƙanƙara ta binne ɗan abincin da ya rage, don haka ba yawansu kaɗai ya hallaka su ba. Wannan ma yana amsa tambayar, domin iyakar shekarar wadata daban take da ta shekarar wahala.

Malamin Halittu:
Gaskiyarka, ɗan'uwa. Kuma abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke iyakar, ko ruwa ne, ko abinci, ko wurin sheƙa. Shi ya sa lissafin ke da wuya a kan ɗan Adam: takin zamani da aka fara haɗawa daga iskar naitirojin a farkon ƙarni na 20 ya ɗaga yawan abincin da gona ke bayarwa, amma bai ƙara ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake zuƙa don ban ruwa ba.