An ci ni tarar fam 100 kan kashin karen da ba nawa ba, in biya ko in tafi kotu?

Abu Safwan: Assalamu alaikum. Mazauna Ingila, ku taimaka min da shawara. Maƙwabcina, wani dattijon Bature, yana kwance a asibiti, ya roƙe ni in riƙa fita da karensa da yamma. Jiya a wurin shaƙatawa na kwance masa igiya, ya kewaya bayan shinge ya yi kashi, ni kuwa ina amsa waya. Sai ga ma'aikacin ƙaramar hukuma da takardar tara, fam 100, wai don ban kwashe kashin ba. Na rantse masa ban gani ba, karen ma ba nawa ba ne. Ko gezau. Alheri na yi fa, ya zama laifi?

Hajiya Mai Haƙuri: Wa alaikumus salam. Ɗana, biya ka huta. Doka ba ta tambayar mai kare, wanda kare yake hannunsa a lokacin shi ake kamawa. "Ban gani ba" ba uzuri ba ne a wurinsu, haka ma "na manta leda". In ka ƙi biya aka kai ka kotun majistare, tarar tana iya kaiwa fam 1,000. Duba takardar, akwai wa'adi, galibi kwana 14.

Baban Yusra: Ni abin da ya ɗaga min hankali, Malam, kwance igiyar nan da ka yi. Kashi ƙaramin al'amari ne. A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, ba sai kare ya yi cizo ba. In ya sa mutum ya ji tsoron zai ji masa rauni, ana iya ɗaure mai riƙe da shi har wata 6, ko tara marar iyaka. In ya ji wa mutum rauni, har shekara 5. In aka rasa rai, shekara 14. Tun 2014 kuma dokar ta shiga har cikin gida, saboda masu kai wasiƙu da ake yawan ciza a bakin ƙofa. Karen da ba ka san halinsa ba, ka sake shi inda yara ke wasa? Haba.

Wane irin kare ne ma? In XL Bully ne, wato wani nau'in ƙaton kare mai ƙarfi, tun 1 ga Fabrairu 2024 laifi ne riƙe shi ba takardar izini, kuma ba ya fita sai da takunkumi da igiya.

Ummu Khalil: Ka tambayi dattijon ko an dasa wa karen 'yar na'urar nan mai kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. Wajibi ce tun Afrilun 2016, rashinta tara ce har fam 500. Maguna ma an shigar da su a Yunin 2024, magenmu sai da muka kai ta wurin likitan dabbobi.

Abu Safwan: Na gode. Ɗan mitsitsin kare ne, tsoho, da ƙyar yake hawa matakala. Zan biya gobe. Sai dai, Hajiya, in faɗa wa dattijon ko in bari sai an sallamo shi?