Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kilawud" a harkar gine-gine?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi ga ɗaliban fasahar gini, kuma ranar Alhamis zan miƙa shi, amma kalmar Turanci "kilawud" (cloud, wato gajimare) ta tsaya mini a wuya. Abin nufi shi ne a ajiye zanen gini a manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon da Microsoft, ta yadda idan mai zane ya matsar da ginshiƙi yana ofis, injiniyan da ke wurin aiki zai ga gyaran a wayarsa kafin a ɗaura rodi a zuba kankare.

Malama: Wa alaikumus salam. Ina ganin "rumbun intanet" ya wadatar, domin kowa ya san rumbu.

Injiniya: Malama, rumbu ajiya kawai yake yi. Manhajojin intanet na kamfanin Autodesk, mai ƙera manhajojin zanen gini, suna haɗa zanen mai aikin famfo da na mai lantarki da na ginin kansa, su nuna inda bututu ya ci karo da ginshiƙi, kuma a can nesa ake yin wannan lissafi. Ƙarfin kwamfuta ake haya, ba wurin ajiya kaɗai ba.

Dattijo: Duk kun bar hanya. Sunan ya samo asali ne daga siffar gajimare da masana ke zanawa a madadin intanet, saboda haka na daɗe ina cewa "gajimarantarwa". Ita kuwa "intanet" ba Hausa ba ce, muna da "yanar gizo".

Malama: Allah ya gafarta Malam, ai "yanar gizo" ma fassara ce. Birkila kuma idan ya ji gajimare, hadari zai duba ya rufe simintinsa.

Dattijo: Haka kuka ce a kan kowace sabuwar kalma. Larabci ya ɗauki gajimaren bai ji kunya ba, sai mu ne kullum muke raina namu.

Injiniya: Ba raini ba ne, Baba. Siminti da rodi da kankare duk aro ne, kuma babu ginin da ya rushe saboda haka.

Mai tambaya: Na gode. Zan rubuta "fasahar gajimare" a kanun darasin tare da bayani, sannan "rumbun intanet" a inda ajiyar zane kaɗai ake nufi. Ɓangaren lissafin dai har yanzu ba shi da suna.

Dattijo: Rabin tawa ce, amma na yarda zuwa Alhamis.