Neman kalmar Hausa: me za mu kira "retreat" na kwana a kurmi?

Mai tambaya, daga Yaba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema kan kalma guda. Mu wasu 'yan Arewa da ke aiki a nan Legas muna shirin fita bayan gari idan ruwa ya ɗauke, ƙaramar tawaga, mu yi kwana biyu ko uku. Za a yi tafiyar ƙafa cikin kurmi, a kwana a tanti, da safe a yi yoga, sannan a zauna shiru a huta da hayaniya. Wurin da muka fi karkata shi ne gandun dajin Omo a jihar Ogun, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kare halittunsu tun 1977, kuma har yau akwai sauran giwaye a cikinsa.

Masu shirya irin wannan fita "retreat" suke ce mata, matasanmu kuma suna cewa ritirit. Ni da Hausa nake so na rubuta sanarwar, domin akwai iyaye da mazaje da za su karanta kafin su bar nasu su bi mu. "Ja da baya" ta soja ce. "Taron bita" shi ne abin da 'yan jarida ke cewa idan gwamna ya kwashi kwamishinoninsa zuwa otal, mu kuwa ba takarda za mu je gabatarwa ba. "Yawon buɗe ido" ya yi faɗi, wanda ya je kallon kantuna a Lekki ma buɗe ido ya yi. Abin da ya fi kwanta mini shi ne "halwar daji". Me kuka gani?

Malamin Islamiyya, daga Agege:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka buga. Amma ƙanena, ka ajiye halwa. Kalma ce mai gidanta. Idan Bahaushe ya ce wane ya shiga halwa, ya san abin da yake nufi: mutum ya keɓe shi kaɗai a ɗaki domin zikiri, galibi da izinin shehinsa, ya rage ci, ya rage barci, ya rage magana, wani har kwana 40. Ba a shiga halwa a tawaga, ba a shiganta da kyamara. Idan ka rubuta halwa, uwa za ta ɗauka ibada ɗanta zai je, ranar da ta ga hotonsa a kan tabarmar yoga za ta ce an yaudare ta, kuma da gaskiyarta. I'itikafi ma haka, wurinsa masallaci.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin fitar. A aya ta 20 ta Suratul Ankabut an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta, ƙarshen Ali Imrana kuma ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Mutumin da ya shekara bai ga komai ba sai kwalta da bayan motocin haya na danfo, ya fita ya ga itatuwan da suka girmi kakansa, wannan alheri ne. Sunan ne dai nake so ya faɗi gaskiyar abin.

Saboda wannan dalilin nake roƙon kada a canza wa yoga suna. Na ji wasu na cewa a kira ta "motsa jiki" kawai don kada a tayar da ƙura. A'a. Malamai sun yi magana a kanta. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008, majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta hana nau'in da ke haɗe da karance-karancen addinin Hindu ta bar wanda motsa jiki ne zalla, Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasa a 2017. Tunda abu ne da aka yi saɓani a kansa, a kira shi da sunansa, mai zuwa ya zo da saninsa, mai ƙi ya ƙi da saninsa.

Ma'aikaciyar jinya, daga Idi-Araba:

Allah ya gafarta Malam, na bi bayanka a kan yoga. Kalmar daga harshen Sanskirit na Indiya take, kuma duniya duka haka take faɗinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta a 2014 ba ta fassara ta ba. Bakin Bahaushe bai wahala da ita, ta zauna kamar goga ko roba.

Ni damuwata tana kan wancan zaman shirun da suke kira "meditation". Na ga ana rubuta "zurfafa tunani", kuma ina ganin ɓarna ce. A wajen aikinmu idan mace ta zo da hawan jini, abin da danginta ke cewa shi ne tunani ya yi mata yawa. A kunnen mutanenmu tunani damuwa ne. Ka ce wa wanda kuɗin haya da cunkoson gadar Third Mainland suka hana barci ya zo ya zurfafa tunani, ai gudu zai yi. Alhali abin da ake yi kishiyar haka ne. Mutum ya zauna, ya daidaita bayansa, ya bi shigar numfashinsa da fitarsa, duk lokacin da zuciya ta tafi wani wuri ya dawo da ita a hankali ba tare da ya yi faɗa da ita ba. Wannan tara hankali ne. Abin da ake samu a ƙarshe kuma natsuwa. Don haka ni "zaman natsuwa" nake ce wa marasa lafiyata, kuma ban taɓa buƙatar ƙarin bayani ba.

Tafakkuri kuwa a bar wa wanda zai zauna yana duban ikon Allah. Mutum na iya mayar da zaman natsuwarsa tafakkuri, wannan tsakaninsa da niyyarsa ne.

Ɗalibin jami'a, daga Akoka:

Gaisuwa ga manya. Ni fa ban ga laifin ritirit ba. Mota, asibiti, tebur, duk aro ne kuma ba wanda ya mutu. Idan muka ƙirƙiro doguwar kalma, a takarda za ta tsaya, matasa su ci gaba da faɗin abin da suka saba.

Amma idan har za a yi, ina roƙon a cire "daji". Yaya, ka san abin da kunne ke ji yau idan an ce wane yana daji. Mahaifiyata tana Gusau. In na aika mata cewa zan shiga daji kwana uku, ba za ta runtsa ba har na dawo. Tafiyar ƙafar kuma ba sai an nemo mata sabuwar kalma ba, tattaki na nan. Tun 2015 da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja bayan zaɓe, kowa ya san tattaki doguwar tafiya ce da mutum ya ɗora wa kansa da gangan. Idan hawa ne kamar na Idanre mai matakala fiye da 600, ko Olumo a Abeokuta, sai a ce hawan dutse.

Wata 'yar uwa, daga Obalende:

Sannunku. Ni Kirista ce, kuma a coci muna yin abin da ake kira da wannan sunan, mukan ce keɓewa domin addu'a. Ina goyon bayan Malam, a bar kalmomin ibada a wurin ibada, namu da naku. Tawagar nan za ta haɗa kowa, a samo sunan da kowa zai shiga ƙarƙashinsa.

Dattijo mai sana'ar goro, daga Agege:

Jikana ne ke karanta mini, shi ke rubuta abin da na faɗa. 'Ya'yana, kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Abin nan da kuka siffanta, mutane kaɗan su ɗaura kaya, su yi tafiya da ƙafa, su sauka a wani wuri bayan gari su kafa makwanci, su huta, su tashi, sunansa zango.

Kakanninmu fatake da shi suka yi rayuwa. Ayari ya tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, a kai Salaga, tafiyar watanni. Madugu ne shugaba, shi ke yanke inda za a sauka da lokacin da za a tashi, shi ke magana da sarakunan hanya. Jagaba na gaba yana duba hanya. In rana ta yi, sai a yada zango, a sauke wa jakuna kaya, a nemi ruwa, a hura wuta, a duba ƙafar wanda ya ji ciwo, a yi salla, a kwanta. Ba a zama a zango har abada, kuma ba a wuce shi. Wanda ya ƙi yada zango ba ya kai kaya gida. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin Hausawa suka tsiro a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, har yau Zango ake ce musu. Mu ma nan Agege goro ne da jirgin ƙasa suka zaunar da iyayenmu, bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912.

To ku fataken yanzu ne. Kun baro gida kun zo neman halali a bakin teku, kayan da kuke ɗauke da su a ka suke da zuciya. In kun fita kwana uku ku sauke su, zango kuka yada. 'Yata ta asibiti ta kawo natsuwa, ni na kawo zango. Ku haɗa: zangon natsuwa.

Shi kuma yaro da ya ce a cire daji, ya yi hankali. Dama abin da ke nan Kudu ba daji ba ne, kurmi ne, itatuwa dogaye masu rufe rana. Shi ya sa tun da can in mutum ya yo nan sai a ce ya tafi Kurmi.

Ɗalibin jami'a, daga Akoka:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ta yi daɗi a baki. Tsorona ɗaya, mu 'yan makaranta zango a wurinmu zangon karatu ne, wasu kuma za su tuna kasuwar shanu ko sunan unguwa. Ba za a rikice ba?

Malamin Islamiyya, daga Agege:

Ba za a rikice ba, ɗana. Zangon karatu ma daga can ya samo asali, yanki ne na tafiya mai farko da ƙarshe. Wannan ya ƙara wa kalmar Baba ƙarfi, domin ta riƙe wuri ta kuma riƙe lokaci, kuma abin da ake nema ke nan: a je wani wuri, na ɗan lokaci. Kalmar da ke biye da ita ce ke rarrabewa. Ba wanda zai ji "zangon natsuwa" ya nufi kasuwar shanu ta Oko-Oba neman bijimi. Ritirit kuwa sai wanda ya riga ya sani ne zai gane. Mota da tebur mun are su ne saboda sun zo mana ba mu da su. Sauka a hanya a huta kuwa mun san shi tun kafin a yi kwalta.

Ta kuma bar ƙofa a buɗe. Gobe wasu za su shirya nasu babu yoga, sai tilawa da tattaki, sunan ya ɗauke su. 'Yan cocin 'yar uwarmu su shirya nasu, ya ɗauke su.

Mai tambaya, daga Yaba:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, Anti, da kowa. Na karɓi zangon natsuwa. Na gwada ta a jimla kuma tana tafiya: za mu zangon natsuwa, ta dawo daga zangon natsuwa, zangunan natsuwa biyu aka yi bana. Tawagar ma daga yau ayari ce, mai jan ta kuma madugu. Jagaba na bar shi, domin a Legas ta yau kunne siyasa zai kai shi. Ga yadda kan sanarwar zai fito:

"Zangon natsuwa a kurmin Omo, jihar Ogun. Ƙaramin ayari, kwana uku. Za a yi tattaki, kwanan tanti, zaman natsuwa, da yoga ga mai so. An tanadi lokutan salla. Tantunan mata daban, na maza daban."

Ga wanda kwana uku ya yi wa yawa, muna tunanin fara ɗan tattaki na yini guda a cibiyar kare halittu ta Lekki, wadda aka kafa a 1990, mai gadar nan ta sama da ke bi ta kan itatuwa tsawon mita 401. Wannan tunda ba kwana, tattaki kawai za mu ce masa.

Ma'aikaciyar jinya, daga Idi-Araba:

Ya yi, ƙanena. Ka ƙara layi biyu a ƙasa. Na farko, irin yogar da za a yi, ka faɗa a fili cewa miƙe gaɓoɓi ne da numfashi, babu karanta komai, don masu tambayar da Malam ya ambata su sami amsa tun daga takarda. Na biyu, guzuri: gidan sauro, takalmi mai rufe ƙafa, da maganin duk wanda ke shan magani kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sanar da madugu tun kafin a tashi. Kuma ku sa shi tsakanin Disamba da Janairu, lokacin hanyar kurmi ta bushe.