Ƙanina yana ta amai duk bayan 'yan makonni, likita ya ce har da ƙwaƙwalwa a ciki, mu yi hoto?

Yar_Gidan_Liman:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Ƙanina ne ɗan sakandare, zai kwanta lafiya lau sai wajen asuba ya farka da tashin zuciya, daga nan amai ba ƙaƙƙautawa har abin da ke cikin ya ƙare ya koma kakari da wani ruwa rawaya-rawaya, baya son a kunna fitila baya son magana, bayan kwana biyu ko uku sai ya miƙe ya ce a zubo masa tuwo kamar ba shi ba. Makonni kaɗan kuma abin ya dawo sak yadda ya yi a baya. An sha maganin maleriya, an yi na taifod, an yi na olsa, an yi hoton ciki ba a ga komai ba. Yanzu wani likitan ciki ya ce yana zargin CVS ne, wato ciwon amai mai tafiya yana dawowa, wai matsalar tsakanin ƙwaƙwalwa da ciki take. Tunda Hajiyarmu ta ji an ambaci ƙwaƙwalwa hankalinta ya tashi, gwaggo kuma ta dage iska ce. Na ji ana binciken ƙwaƙwalwar masu ciwon a ƙasar waje, shin akwai hoton da zai nuna shi mu haɗa kuɗi mu yi?

Abu_Haidar:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Fara da kwantar wa Hajiya hankali, ba taɓin hankali likitan yake nufi ba. Shi amai dama ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarninsa, akwai wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya da ke kula da shi, kuma akwai babbar jijiya mai suna vagus da ke kai saƙo tana dawowa tsakaninta da ciki. Shi ya sa mutum zai shiga mota ya yi amai alhali cikinsa ƙalau. Ciwon kuma ba sabo bane, wani likitan yara a Landan, Samuel Gee, ya yi bayaninsa tun 1882.

Binciken da kika ji gaskiya ne. A 2017 masu bincike a asibitin Massachusetts General da ke Boston a Amurka sun fitar da sakamakon aikin da suka yi da na'urar fMRI, wato MRI ɗin da ke bin yadda jini ke gudana a sassan ƙwaƙwalwa don a gane wane sashe ke aiki tare da wane. Sun kwatanta masu CVS da masu ciwon kai na ɓari ɗaya da kuma masu lafiya, suka ga wani sashe da ake kira insula, wanda shi ke karɓar labarin abin da ke faruwa a cikin jiki kamar tashin zuciya da zafi, yadda yake haɗuwa da sauran sassan ya bambanta a masu CVS, kuma fa a lokacin da suke lafiya aka auna su ba lokacin aman ba. Amma ki lura, mutane ƙalilan ne a binciken, kuma bambancin sai an haɗa rukuni da rukuni ake ganinsa. Ba yadda za a yi a saka ƙaninki shi kaɗai a na'ura a ce ga CVS nan. In likita ya ce a yi hoton kai to don ya tabbatar babu ƙari ko wani abu ne, saboda shi ma yana sa aman safe, musamman in akwai jiri, gani biyu-biyu ko tangaɗi. In bai nema ba ku riƙe kuɗinku.

Baban_Sadiq:
Ba zargi ba ƙanwata, amma yaron yana yawan shiga wanka da ruwan zafi in abin ya tashi? Don wasu masu shan wiwi a kullum suna samun irin wannan aman har su riƙa yawan wanka da ruwan zafi, tun 2004 likitoci a Ostareliya suka rubuta shi, maganinsa kawai a daina.

Yar_Gidan_Liman:
A'a Baba wlh ko sigari baya sha, likitan ma ya fitar da mu ya tambaye shi shi kaɗai. Amma Abu_Haidar ka tuna min, Hajiya kam tana fama da ciwon kan ɓari ɗaya tun muna yara.

Nas_Hauwa:
To wannan maganar ta Hajiya ki tabbatar kin faɗa wa likitan, don sau da yawa a gida ɗaya ake samun su, yara da yawa ma in sun girma aman ya kan lafa ya koma ciwon kai. Shi ya sa magungunan suke kama, amitriptyline ake yawan bayarwa don rigakafi, sumatriptan da ondansetron kuma da zarar ya ji alamar zai taso, amma dan Allah kar a je kemis a saya, amitriptyline yana iya taɓa bugun zuciya sai likita ya auna. Wankan ruwan zafi kuma Baban Sadiq masu CVS da basu taɓa ganin wiwi ba ma suna yi, ba hujja bace ita kaɗai.

Wani binciken da ya ban mamaki shi ne na David Levinthal da Peter Strick a jami'ar Pittsburgh a 2020, sun sa ƙwayar cutar haukan kare a cikin ɓeraye don tana bin jijiya tana hawa sama, suka bi sawunta daga tumbi har ƙwaƙwalwa, sai ga insula ɗin nan dai a cikin wuraren da ta kai. Kenan damuwa ta taɓa ciki ba camfi bane, hanyar tana nan.

Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar da ya fara da abin da ya faru kafin nan, jarabawa ce, rashin barci, mura, daɗewa bai ci abinci ba, har murna ma kamar daren sallah ko biki tana tayar da shi. Batun azumi ku tattauna da likita tun kafin watan ya kama. Addu'ar gwaggo a ci gaba da ita, amma in ya wuni ko ruwa baya zama a cikinsa, fitsari ya ragu ko kun ga jini a aman, asibiti za ku nufa a sa masa ƙarin ruwa ko da tsakar dare ne.