Shin baitocin Pink Floyd sun kai darajar kiɗansu?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina sauraron Pink Floyd, ƙungiyar kiɗan rok da aka kafa a Landan a 1965, amma sai kwanan nan na zauna na karanta baitocin faifansu na 1973, The Dark Side of the Moon, a rubuce ba tare da kiɗa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauƙin kalmomin, domin ko amsa-amon ma mutum yana iya hango shi tun kafin ɗango ya ƙare. Shin wannan gwaninta ce, ko kuwa jitar David Gilmour, makaɗin jita na ƙungiyar, ce take rufa wa rubutun asiri?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, ka raba baitin da muryar da aka yi shi dominta, shi ya sa ka gan shi tsirara. Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shi ne ya rubuta dukkan baitocin wannan faifai, kuma jigoginsa su ne shuɗewar lokaci da kwaɗayin kuɗi da mutuwa da taɓin hankali. Ka sake sauraron waƙar da take buɗewa da ƙarar agoguna masu yawa suna bugawa a tare. Kafin a furta kalma ɗaya hankalinka ya riga ya tashi, don haka idan aka zo maganar mutumin da shekaru goma suka wuce shi bai ankara ba, azanci mai zurfi ba abin da zai ƙara sai raba hankalin mai sauraro. Ni kam duk lokacin da aka zo wannan ɗango sai jikina ya yi sanyi.

Amsa ta biyu:
Na yarda da kai a kan 1973, amma daga baya salon ya sauya, kuma ba duka ne ya yi armashi ba. A faifan Animals na 1977 Waters ya kasa mutane gida uku, karnuka da aladu da tumaki, wanda zambo ne mai kaifi, sai dai bai bar wa mai sauraro abin da zai gano da kansa ba. Inda alƙalaminsa ya fi taɓa zuciya shi ne wajen maraici. An kashe mahaifinsa a yaƙin duniya na biyu a Anzio ta Italiya a 1944, lokacin Waters yana ɗan wata biyar, kuma wannan raɗaɗi ne yake ɗauke da faifan The Wall na 1979. Zuwa The Final Cut na 1983, fushi ya rinjayi waƙa, baitocin suka koma kamar jawabin siyasa.

Amsa ta uku:
Kada mu manta da Syd Barrett, wanda ya rubuta yawancin waƙoƙin faifansu na farko a 1967 kafin ya bar ƙungiyar a 1968. Shi wasa da sauti ya iya, yana jera hotuna kamar mafarkin yaro. Malam mai tambaya, ka karanta nasa baitocin a rubuce kamar yadda ka yi wa na Waters, sannan ka dawo ka faɗa mana wanne ya fi tsayuwa da ƙafarsa a kan takarda.