Wa ke turo mutum gaba in an taka birki?

Ɗan_Sabongari: Salamu alaikum jama'a. Jiya na hau bas daga Kano zuwa Zariya, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai ga akuya ta faɗo titi, direba ya taka birki da ƙarfi, wallahi sai da goshina ya bugi kujerar gaba, wata baiwar Allah kuma da ke riƙe da yaro a cinya saura ƙiris ya suɓuce mata. Abin da ya tsaya min a rai shi ne babu wanda ya taɓa ni ta baya, to me ya turo ni? Wani dattijo a motar ya ce iska ce, amma gilasai duk a rufe suke. Masu kimiyya a taimaka.

Malam_Fiziks: Wa alaikumus salam. Ba abin da ya turo ka ɗan'uwa, motar ce ta tsaya ta bar ka kana tafiya. In mota tana gudun kilomita 80 a awa to kai ma 80 ɗin kake yi ko da barci kake. Birki tayoyi yake kamawa ba jikinka ba, don haka jiki zai ci gaba har sai ya samu abin da zai tare shi, jiya kujerar gaba ce ta yi maka wannan aikin. Ita ce dokar farko cikin dokoki uku na motsi da Isaac Newton ya fitar a 1687: abin da ke zaune zai ci gaba da zama, mai tafiya zai ci gaba da tafiya, sai in wani ƙarfi ya shiga tsakani.

Batun yaron nan ya fi damuna. Akwai abin da muke kira momentam, wato nauyin abu sau gudunsa. Yaro mai kilo 10 a gudun 50 kacal, wajen mita 14 kenan duk daƙiƙa. In karo aka yi komai ya tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ƙarfin da hannun uwar zai riƙe ya kai kamar kilo 140, kusan buhun siminti uku a fizge lokaci guda. Ba ganganci ba ne, babu hannun da zai iya.

Oga_Mai_Daf: Malam Allah ya ƙara basira, mu ba mu yi boko mai zurfi ba amma wannan karatun a kan kwalta muka yi shi. In na ɗauko siminti buhu 600 tan 30 kenan, ka haɗa da nauyin motar kanta an haura 40, sai ka ga ɗan ƙaramar mota ya sha gabana ya taka birki wai zai sauke fasinja, yana ganin kamar ni ma haka zan tsaya cak. A gangara ma ba ma dogara da birki, tun daga sama ake sauko da giya, don in ka yi ta danna shi zafi zai ɗauka har ka ji ƙauri, daga nan ya daina ci. Masu tanka sun fi mu shan wahala in lodi rabi ne, ka tsaya man da ke ciki bai tsaya ba, sai ya dawo ya bugi gaban tanki ya ƙara tura ka.

Malam_Fiziks: Oga ai man tankar nan shi ne fasinjan jiya, labari ɗaya ne. Kuma lissafinka ya fita: tan 40 yana rarrafe a gudun 10 ya ninka momentam ɗin mota mai tan ɗaya da rabi da ke gudun 120 fiye da sau biyu.

Injiniya_Binta: Malam ka yi haƙuri zan ƙara abu ɗaya, mutane suna tsoron nauyi su manta gudu. In ka ninka gudu sau biyu nisan da birki ke buƙata ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Ga kuma lokacin da ido zai gani kafin ƙafa ta kai kan birki, a gudun 100 daƙiƙa ɗaya tak mota ta ci kusan mita 28 ba a ma fara tsayawa ba.

Birkila_Sani: To ni yanzu na gane wani abu. In ana jefa mana tubali sama wajen gini, wanda ya ƙame hannu ya cafe sai tafinsa ya yi tsami kafin azahar, mu kuwa bin tubalin muke da hannu baya kaɗan sannan mu riƙe. Ashe kimiyya muke yi ba mu sani ba 😂

Injiniya_Binta: Sosai ma Malam Sani, kana tsawaita lokacin tsayawar ne sai zafin bugun ya ragu. Shi ya sa ake ƙera gaban mota ya lotse in an yi karo, bel ma yana ɗan miƙewa, balan-balan ɗin sitiyari ma aikinsa kenan.

Ɗan_Sabongari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma bas ɗin jiya mu huɗu-huɗu aka jera a kujera, bel ɗin ma na direba kaɗai na gani, shi ma ta bayan kujera ya zagaya da shi. Oga mai daf, a irin wannan motar wace kujera ce ta fi dama?