Muhawara: kujerar kwamitin asibiti, ta mai ciwon ce ko ta danginsa?

Majon CSI (shugaban ƙaramin asibiti): Assalamu alaikum. Maganar da ke yawo ita ce wai duk kwamitin da ke tsara kula da masu taɓin hankali, daga COGES, kwamitin gudanarwa na CSI, har zaman tsara aikin lafiya na jihar Damagaram, a ba wanda ya yi ciwon ya samu sauƙi kujera, da ƙuri'arsa cikakkiya. A saurare shi, na yarda. Ƙuri'ar ce ban yarda da ita ba. Ciwon nan tashi yake yana kwanciya. COGES kuwa kuɗi take riƙewa, kuɗin da majinyata ke biya ake juyawa a sayo magani, tun tsarin Bamako na 1987. Ran da ciwon wakili ya motsa ana tsakiyar lissafi, wa zai ce masa ya tashi? A ba uwa ko miji ko wa kujerar, su ne ke kwana da shi, su ne ke biyan kuɗin mota.

Mai jinya: Wa alaikumus salam, Majo. Dangi su zauna, ba mai hana su. Amma abin da dangi ke nema daban, na mai ciwo daban. Dangi so suke ya yi barci, ya bar faɗa, unguwa ta huta. Shi kuwa so yake ya iya tashi sallar asuba ya kama hanyar gona ko kasuwar Dole. In aka ba mutum Largactil, maganin taɓin hankali, da yawa yana barci har azahar, ka tambayi uwarsa, za ta ce maganin ya karɓe shi, alhamdu lillahi. Shi bai ce uffan ba. Sai ya fara ɓoye ƙwayar ƙarƙashin harshe yana tofarwa a bayan ɗaki. Bayan ƴan makonni ciwo ya dawo, a rubuta a karne cewa ya ƙi magani. Ba ƙi ya yi ba, ba wanda ya tambaye shi ne.

Mai farmasi: Hajiya ta taɓo wurin. Bari in ƙara na Haldol, shi ma maganin taɓin hankali ne. Ana farawa da kaɗan, miligiram 1.5 zuwa 3 a yini. A kwanakin farko, musamman ga samari, wuya kan murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya yi nauyi, yawu na zuba. Wannan aikin maganin ne, kuma Artane na kwance shi. In ba a faɗa wa gida tun ranar farko ba, sai su ce iskoki ne suka fusata, a jefar da ƙwayoyin a tafi wajen mai ruƙiyya ko boka. Akwai kuma wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ƙafa na ta motsi, yana kaiwa yana komowa a tsakar gida. Ma'aikaci ya gani ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara magani, abin ya ƙara muni. Wanda ya sha ne kaɗai zai iya cewa wannan motsin daga jiki yake, ba daga tunani ba.

Ga zafi. A Afirilu da Mayu Zinder na wuce digiri 40, Largactil da Artane kuwa suna rage gumi. Largactil na sa jiri in an miƙe da sauri, fata kuma ta ƙone a rana. Ɗan kabu-kabu da mai tallar ruwa ba za a ba su sa'ar shan magani ɗaya da mai zaman shago ba. Haka watan azumi: wa ya taɓa zama ya tsara yadda za a maida ƙwaya tsakanin buɗa-baki da sahur? Kowa da kansa yake yi a gida, wasu su bari gaba ɗaya har Sallah.

Majon CSI: Malam, duk wannan aikin ɗakin duba majinyaci ne. A tambaye shi can. Me ya kawo kwamiti?

Mai farmasi: Kwamiti ne ke cewa me za a sayo da kuɗin wata. In ba wanda abin ya shafa a zaune, maganin zazzaɓi da na tari su cinye lissafi. A sayo Haldol a manta da Artane. Gardenal ya yanke, alhali mai farfaɗiya in ya tsaya da shi kwatsam faɗuwa ce ke biyo baya, wani lokaci a bakin murhu ko rijiya. Allurar Modecate da ake yi duk sati 2 zuwa 4, mutum ya taso daga ƙauyen Tanut ko Gure, sama da kilomita 100, ya tarar babu. Wata mai zuwa ba zai dawo ba.

Baba na COGES: Ƴaƴana, ni wani abu ne ke damuna, ba ƙuri'a ba. Sirri. A Birni ko Garin Malam kowa ya san kowa. Ran da mutum ya zauna a kujerar da aka ce ta masu taɓin hankali ce, an buga masa hatimi ke nan. Ƴarsa ta kai aure, masu bincike su zo, a ce gidan da hauka. Shaidarsa a gaban mai unguwa ta yi rauni. Kada mu tona asirin bawan Allah da sunan taimakonsa.

Mai shan magani: Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa, kuma shi ya sa ba asibiti ne zai nuna mutum da yatsa ya ce kai ne wakili ba. Mu masu shan maganin mu ne za mu zaɓa a tsakaninmu, cikin waɗanda suka yarda a san su. Ga yadda abin ke tafiya. A fara da ƙaramar ƙungiya, mutum 10 zuwa 15, suna haɗuwa ranar karɓar magani don kada a biya mota sau biyu. Mata su samu nasu zaman, don a gaban maza ba mai ɗaga maganar ciki, ko al'ada da ta ɗauke saboda magani, ko mijin da ya yi saki. Sai ƙungiya ta yi wata shida tana zama kafin ta fidda wakilai. Biyu, ba ɗaya ba, mace da namiji, kowa da mataimakinsa. Wakili ɗaya tilo a tsakanin likitoci shiru yake yi, in ya yi magana kuma ciwon kansa yake faɗa, ba na jama'a ba.

Abin da wakili zai kai zama ba sunan kowa a ciki. Adadi ne: mutum kaza sun zo allura ba su samu ba, kaza sun bar magani saboda barci, kaza an ɗaure su. Takardun zama da Faransanci suke zuwa, to a karanta masa su da Hausa kwana uku kafin ranar. A biya kuɗin motarsa da ladan yininsa kamar yadda ake ba kowa. Abin da ya faɗa ya shiga rubutaccen bayanin zama, a zama na gaba a fara da cewa me aka yi a kai.

Majo, tambayarka ta ran da ciwo ya motsa: wakili tun yana lafiya zai rubuta, ko a rubuta masa ya sa hannu, alamun da ke nuna ciwonsa na tasowa, kamar kwana biyu ba barci, da wanda ya amince ya ce masa ya huta. Mataimaki ya hau, in ya warware ya dawo kujerarsa. Ɗan kwamiti mai hawan jini in ya kwanta ba a ƙwace masa ƙuri'a.

Mai jinya: Kuma ba alfarma ba ce. Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2007, ta kuma amince da ita a 2008. Sashe na 4 ya wajabta a tuntuɓe su ta hanyar ƙungiyoyinsu wajen tsara doka da manufa, masu ciwon ƙwaƙwalwa kuma suna ciki. A Gana irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai ne suka haɗu suka zama ƙungiyar ƙasa mai magana da gwamnati. Abin da ba mu so shi ne na 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya: a kira mutum ɗaya ya ba da labarinsa a gaban manya, a yi tafi, a ɗauki hoto, sai baɗi.

Majon CSI: Na ji batun sayen magani da ranar allura, a nan ƙuri'arsu ba ta dame ni ba. Amma akwai inda zan tsaya. Yaro ya sha tramol ya haɗa da ciwo, ya ɗauki adda, babban asibiti na nesa, dare ya yi. Dangi suka sa masa mari. In wakili ya kawo ƙuri'ar hana ɗauri gaba ɗaya, me zan ce wa uwar yaron?

Mai shan magani: Ka ce mata dare ɗaya daban, shekara daban. Marin da aka sa don daren tashin hankali shi ne ake mantawa da mabuɗinsa, ƙafa ta yi gyambo, tsoka ta shanye, mutum yana bawali inda yake kwana. Abin da za mu kawo zama shi ne a rubuta matakai: wa ake kira da dare, allurar kwantarwa tana cikin CSI ko babu, mutum nawa za su tsaya kusa ba tare da an yi masa taron dangi ba, a kwashe wuƙa da adda, mutum ɗaya wanda ya yarda da shi ya yi masa magana. In har aka riƙe shi, a rubuta sa'ar, a duba shi a kai a kai, da safe a kai shi asibiti. Bayan ya dawo hayyacinsa a zauna da shi a tambaye shi me ya fi tsorata shi a daren.

Baba na COGES: To kuɗin motar wakilan fa, ɗana? Daga akwatin magani ba zan yarda a taɓa ko dala ba. Ku ce mini daga ina.

Mai farmasi: Baba, wannan sai a kai wa magajin gari a rubuce kafin a rufe kasafin shekara. Majo, kai ke da lissafin zaman COGES nawa ake yi, turo mana adadin mu ninka da mutum biyu.